Tarihin Rubuta Ilimin Itatuwan Magani a Ƙasar Suleja da Kewaye

Sanin saiwa da sassaƙe da ganye a ƙasar Suleja, har da unguwanni irin su Bagama, gadon gida ne da ke hannun maharba da wanzamai da ungozomomi da masu ɗori da 'yar mai ganye. Jijiyarsa biyu: ta Gbagyi da Koro da aka tarar a wurin, da ta Hausawan Zazzau da suka kafa garin Abuja, wato Suleja ta yau, a 1828. Da baki ake koyarwa, a dawa, gaban bishiyar. Gaskiya ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu da Larabci kan basur da kan filasko, amma Abuja ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba.

Wasu kan faro lissafin Turawan da suka tara tsirrai daga Theodor Vogel, wanda ya biyo ayarin kogin Kwara a 1841. A ƙasar da ta zama Jihar Neja, Charles Barter ya fi cancanta. Ya zo cikin ayarin Baikie a 1857, jirginsu Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba, sai zaman dole ya ba shi damar tara tsirran ƙasar Nufe. A Rabba ya mutu a 1859.

Babban aikin na likita John McEwen Dalziel ne, wanda ya kama aiki a Arewa a 1905. Ya tattara tsirrai a Zungeru da Kwantagora da Katagum da Sakkwato da Yola. Yakan ciro reshe da furensa, ya danne a tsakanin takardu har ya bushe, ya rubuta wurin da sunan da mutanen gari suka ba shi, ya aika lambun Kew a Landan. Abin da ya raba shi da na gabansa shi ne tambaya: me ake kiran wannan, kuma maganin me yake yi? Amsoshin suka zama ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan littafin The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937, rataye ga kundin tsirran Afirka ta Yamma da suka yi da John Hutchinson daga 1927 zuwa 1936.

Hano ya isa misalin abin da ake nufi da "gano sabon tsiro" a zamanin. Bishiya ce ta kan tsauni, mai ɓawo da ke saluɓewa falle-falle, mai ƙaro mai ƙamshi da ake turare da shi. An daɗe ana dafa sassaƙenta a yi wanka don zazzaɓi, ana kafa rassanta a yi shinge. A 1910 Hutchinson ya raɗa mata Boswellia dalzielii. Sunan likitan ya zauna a kanta har yau. Na waɗanda suka kai shi gindinta bai shiga takarda ba. H. M. Burkill ya faɗaɗa littafin na 1937 zuwa juzu'i 6 tsakanin 1985 da 2004.

Bayan 'yancin kai, nazarin da ya yi zurfi ya karkata can Wudil da Malumfashi.

Labarin ya dawo kusa da gida da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu, Abuja. Ana ba da shekara biyu ga kafuwarta, 1987 da 1989. Ta farko ta amincewar gwamnati ce, ta biyu ta soma aiki. Can, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, aka gwada haɗin maganin sikila na Rabaran Paul Ogunyale daga Oyo: masoro, kanumfari, ganyen wani nau'in dawa, da itacen Pterocarpus osun. Aka kira shi Niprisan. A wannan karon sunan mai maganin ya shiga takardar mallakar fasaha da Amurka ta bayar a 1998. Kamfanin Xechem ya karɓi lasisi a 2002, ya fito da shi kasuwa a 2006 da sunan Nicosan daga masana'antarsa ta Sheda, bai jima ba ya durƙushe. A 2018 aka miƙa lasisin ga kamfanin May & Baker.