Ayarin sama: lokacin da Kano ta zama zangon jiragen yaƙi

Idan ka ja zare daga Legas zuwa Kano a taswira, ta kan ƙasar Kiru da Bebeji zai bi. Ta wannan kusurwa jiragen yaƙin Ingila suka riƙa shigowa Kano a zamanin yaƙin Hitila, manoma na duƙe a gona, rugugi na wucewa ta bisa kansu.

Tushen abin ya girmi yaƙin. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku ƙirar DH.9A suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan ta Masar. Jagoransu shi ne Arthur Coningham. Hanyar da suka biyo, ta Sudan da Chadi, alhazanmu sun daɗe suna taka ta da ƙafa zuwa Makka.

Amfaninta ya fito a 1940. Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, ga mayaƙan Ingila a Masar suna neman jiragen sama ido rufe. Sai aka koma loda jiragen cikin akwatunan katako, a kawo su Takoradi a ƙasar Gana ta yau. Can makanikai ke ɗaura fukafukai da farfela, a gwada inji, sannan a tashi: Legas, Kano, Maiduguri, El Fasher, Kartum, har Alƙahira. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce, ta wajen kwana shida. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940.

Tsarin tafiyar bai bambanta da na fatake ba. Jirgin Blenheim mai inji biyu shi ne madugu, domin yana ɗauke da mai duba taswira. Ƙananan Hurricane, masu mutum ɗaya, suna biye da shi, an ƙara musu tankunan mai. Hazon hunturu kan ɓoye ƙasa, ƙura kan ci inji, shi ya sa zangon Kano ya yi daraja: nan ake shan mai, a duba inji, matuƙa su kwana. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Da yawansu hannun Coningham suka faɗa. Mutumin da ya sauka Kano a 1925 shi ke jagorantar mayaƙan saman Ingila a hamadar Masar lokacin gumurzun El Alamein a 1942.

Littattafan Turai sun adana sunayen matuƙan. Na leburorin da suka share fili, suka gangara durom-durom na mai, da na mutanen ƙauyukanmu da suka ɗaga kai suka ga ayarin, suna bakin jikoki ne kawai. Ya kamata ɗalibanmu na tarihi su shiga Kiru da Bebeji da rikoda tun masu labarin suna raye.