Girman Baƙi da Halin Mai Shi

Da yawanmu mun taɓa jin wannan magana: wai mai rubuta manyan baƙaƙe mutum ne mai son jama'a, mai son a gan shi, wataƙila ma da ɗan girman kai, shi kuwa mai ƙananan baƙaƙe shiru-shiru ne, mai zurfin ciki, ko kuma marowaci da ke tsimin takarda. Ana faɗinta kamar hikimar da aka gada kaka da kakanni, alhali ana iya nuna inda aka haife ta da waɗanda suka yi mata wankan jego.

A 1622 wani malamin jami'ar Bolonya a Italiya, Camillo Baldi, ya fitar da ɗan littafi kan yadda za a gane halin mutum daga wasiƙarsa. Abin ya kwanta fiye da shekara 200, sai wani limamin coci Bafaranshe, Jean-Hippolyte Michon, ya tashe shi, ya raɗa masa suna girafoloji, ya buɗe masa mujalla a 1871, ya kuma wallafa tsarinsa a 1875. Michon ya tara wasiƙu da sa hannun mutane birjik, ya yanke cewa kowace alama a rubutu tana da fassara guda tak. Wanda ya gaje shi a fagen, Jules Crépieux-Jamin, likitan haƙori ne a birnin Rouen. Shi ya kasa rubutu gida 7, girman baƙi na ɗaya daga ciki, tare da irin su sauri da danna alƙalami. Daga nan aka shiga ɗora ma'auni a kan "a" da "o" da "n": milimita 2 zuwa 3 matsakaici ne, abin da ya haura haka ko ya gaza sai a nemo masa hali.

Matsalar ba ta daɗe ba ta bayyana. Akwai masu kunya da ke cika shafi da layi biyar, akwai 'yan fankama masu rubutu kamar sawun tururuwa. Maganin da Bajamushe Ludwig Klages ya kawo a littafinsa na 1917 shi ne abin da ya fi ba mu mamaki a duk tarihin. Ya ce kowace alama fuska biyu gare ta. Manyan baƙaƙe na iya nuna himma da faɗin zuciya, suna iya nuna alfahari da rashin sanin ciwon kai. Ƙanana na iya nuna natsuwa da lura, ko kuma ƙuntatar zuciya. Wace fuska za a ɗauka? Ya danganta da "darajar siffar" rubutun gaba ɗaya, wadda idon mai duba ne kaɗai ke auna ta. To, mai duban da ya tanadi amsa biyu ga kowace tambaya, ta ina za a kama shi da kure?

Da a zauren hira abin ya tsaya, da sai mu yi dariya mu wuce. Amma a Faransa, har zuwa shekarun 1990, kamfanoni da yawa kan buƙaci mai neman aiki ya rubuto wasiƙa da hannunsa, a miƙa wa mai duba rubutu a bayan idonsa. Mutum na iya rasa abincinsa saboda tsawon "a" ɗinsa, ba kuma za a taɓa gaya masa dalili ba.

Da aka zo gwaji, abin bai kai labari ba. A 1989 Efrat Neter da Gershon Ben-Shakhar suka haɗa sakamakon bincike 17 kan zaɓen ma'aikata. Masu duba rubutu ba su fi waɗanda ba su taɓa koyon sana'ar ba iya hasashen wanda zai yi ƙwazo. Ɗan abin da suke cankowa ma daga abin da wasiƙar ta ƙunsa yake fitowa, domin idan aka ba kowa nassi ɗaya ya kwafa, sai hasashen ya rushe. Geoffrey Dean ya bi bincike kusan 200 a 1992, ya iske haka.

Girman baƙi yana da dalilai, sai dai ba waɗanda Michon ya nema ba. Duk wanda ya riƙe allo a cikinmu ya san kaurin bakin alƙalamin kara da hannun malam su ke yanke girman baƙi tun yaro bai san kansa ba. Akwai tsadar takarda, akwai raunin ido. Likitoci kuma sun san rubutun da ke ƙanƙancewa yayin da layi ke tafiya yana cikin alamun cutar Parkinson.

Sai labarin Robert Walser, marubucin Suwizalan, wanda ya taɓa yin aikin akawu da kyakkyawan rubutu. Bayan rasuwarsa ranar Kirsimeti ta 1956, a cikin dusar ƙanƙara kusa da asibitin masu taɓin hankali na Herisau inda ya zauna tun 1933, aka sami takardu 526 da ya cika da fensir: bayan ambulan, shafukan kalanda, takardun waya. Baƙaƙen sun yi ta ƙanƙancewa har wasu ba su wuce milimita 1 ba. Waliyyinsa Carl Seelig ya ɗauka rubutun sirri ne da ba mai iya warwarewa, wasu kuma suka ga shaidar ciwonsa a ciki. Ashe tsohon salon rubutun hannun Jamusawa ne, ya matse shi ya gajarta kalmomi. Shi da kansa ya bayyana a wata wasiƙa ta 1927 cewa hannunsa ne ya gaza da alƙalamin tawada, fensir ya dawo masa da daɗin rubutu. A cikin takardu 24 kaɗai aka tsinci labari sukutum, wanda aka buga a 1972. Sauran kuwa Bernhard Echte da Werner Morlang suka duƙufa a kansu da gilashin ƙara girma, baƙi bayan baƙi, suka fitar da juzu'i 6 tsakanin 1985 da 2000.