Kyamarar 'Yan Sha'awa da Masu Aikin Sa Kai a Yaƙin Hitila

Idan aka ambaci Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila, hankali yakan tafi bakin daga. Amma a Birtaniya an sha wani gumurzun a cikin unguwanni, kuma da yawa daga waɗanda suka ɗauki nauyinsa ba su karɓi ko kwabo ba. A 1938 Lady Reading ta kafa ƙungiyar mata 'yan sa kai ta WVS, wadda ta taimaka wajen kwashe yara daga birane zuwa karkara a Satumban 1939, ta kuma ciyar da waɗanda bam ya rushe wa gidaje. A ranar 14 ga Mayun 1940 ministan yaƙi Anthony Eden ya yi kira ta rediyo, cikin 'yan watanni maza sama da miliyan ɗaya suka shiga rundunar tsaron gida, yawancinsu dattawa ne ko samari ko ma'aikatan da ba a yarda su bar aikinsu ba. A ganina, mai son sanin yadda wannan hidima ta kasance da gaske, gara ya fara da fina-finan da mutanen gari suka ɗauka don sha'awar kansu.

Kayan aikin sun riga yaƙin zuwa. Kamfanin Pathé ya fito da fim mai faɗin milimita 9.5 a 1922, Kodak ya biyo da na milimita 16 a 1923, da na 8 a 1932, sannan fim mai launi na Kodachrome a 1935. Saboda haka likita ko mai kanti da ya saba ɗaukar bikin 'yarsa sai ya juya kyamarar ga maƙwabtansa suna atisaye a filin makaranta, ko mata suna dafa shayi a bakin ɓaraguzai. Fim ɗin gwamnati kuwa saƙo yake ɗauke da shi. Ko shahararren fim ɗin Humphrey Jennings na 1943 a kan 'yan kwana-kwana, duk da cewa ma'aikatan gaske ne suka fito a ciki, shirya shi aka yi, har da wutar da aka kunna don a ɗauka. Ɗan sha'awa ba ya yanke jira da gajiya da sahun da ya karkace, alhali yawancin aikin sa kai ke nan.

Mai ja zai ce ai masu hali ne kawai ke da kyamara, fim ya yi wuya a lokacin, kuma wata doka ta 1939 ta hana ɗaukar wasu wurare sai da izini. Gaskiya ne. Rosie Newman, wadda ta ɗauki Landan da launi bayan ruwan bama-bamai, 'yar manyan gida ce, sanayya ce ta buɗe mata ƙofa. Haka kuma mutum in ya ga kyamara yakan gyara tsayuwa. Sai dai son zuciyar ɗan sha'awa a fili yake, ana iya auna shi: mun san garinsa, mun san su wa ya ɗauka. Kuma abin da bai lura da shi ba, irin su takalmin da ya mutu da bindigar da mutum uku ke karɓa-karɓa, shi ne masanin tarihi ke nema.

Darajar wannan shaida ta fi bayyana a inda aka rasa ta, kamar a Najeriya. A 1939 aka kafa sashen fina-finan mulkin mallaka ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in lafiya a Najeriya, motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwanmu da labarin yaƙin. Talakawan Arewa sun noma gyaɗa, sun ba da gudummawar kuɗi, an kuma tilasta wa dubbai haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, inda cuta da sanyi suka kashe da dama. Kyamarar tana hannun Turawan mulki, kuma ma'aikatan kuzar ba su ne abin da aka aiko Turawan su ɗauka ba.