Daga ina "NAT Type" ya samo asali?

Ka san matsalar da ke hana ka buga gem da abokanka ta girmi PS5 ɗinka nesa ba kusa ba? A 1981 aka tsara IPv4 da adireshi kusan biliyan 4.3. Da aka hango ba za su isa ba, sai aka fito da NAT a 1994: na'urorin gida duka su raba adireshi ɗaya ta rawuta. Matsalar ita ce rawuta tana korar duk baƙon da ba a gayyata ba, har da abokin wasanka. A 1999 Microsoft ya jagoranci UPnP, don na'urar gem ta buɗe ƙofa da kanta. A 2013 kuma aka gano ɓaraka a UPnP ɗin miliyoyin na'urori. Saboda haka sabunta manhajar rawutarka tukuna, sannan ka kunna UPnP.