Cutar Lyme: shin fara magani da wuri yana hana matsala daga baya?

E, ga mafi yawan marasa lafiya. Wanda ya fara shan magani a makonnin farko yakan warke sarai.

Ana ɗaukar cutar Lyme ta cizon kaska mai ɗauke da ƙwayar cutar Borrelia. Ta samo sunanta daga garin Lyme na Amurka, inda aka lura da ita a 1975. Ta fi yawa a arewa maso gabashin Amurka da Turai, don haka ta shafe ka idan kana zaune can ko ka je ziyara.

Alamomin farko

Kwana 3 zuwa 30 bayan cizon, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu sukan ga tabo zagayayye mai faɗaɗa a wurin. A baƙar fata yana iya kama da ƙujewa, har a kasa lura da shi. Zazzaɓi, ciwon kai da kasala sukan biyo baya. Idan ka dawo gida da zazzaɓi, gaya wa likita ƙasar da ka je, kada a ɗauka maleriya ce kawai.

Magani

Likita kan ba da doxycycline na kwana 10 zuwa 14, ko amoxicillin na kwana 14, musamman ga mai juna biyu. Idan tabon ya bayyana, ba sai an jira gwajin jini ba, domin a makonnin farko gwajin kan kasa nuna cutar.

Illar jinkiri

Idan aka bar ta, ƙwayar cutar na bazuwa a jiki. Tana iya shanye ɓarin fuska, ta rikita bugun zuciya, ko ta kumbura gaɓoɓi, musamman gwiwa, bayan watanni. Ko a wannan mataki magani na aiki, sai dai warkewa kan ɗauki lokaci.

Idan ciwo ya ƙi tafiya

Wasu kaɗan kan ci gaba da fama da gajiya da ciwon jiki fiye da wata 6 bayan gama magani. Yawanci sukan samu sauƙi a hankali. Bincike ya nuna ƙara watanni ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya amfani, yana ma iya cutarwa.

Abin da za ka yi

Ka ga kaska a jikinka, cire ta nan take da hantsaki, ka wanke wurin da sabulu. Yawanci sai ta wuce yini guda a manne kafin ta sa cutar. Ga likita cikin awa 72, domin wani lokaci ana ba da doxycycline sau ɗaya don rigakafi.