Daga Zauren Madabo Zuwa Turmin Danya: Buri da Sanyin Gwiwa a Ƙagaggun Labaran Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ma'aunin nasara ya sauya a ƙagaggun labaran Hausa tsakanin 1934 da 1982. Za a fara da unguwar Madabo ta cikin birnin Kano, domin tana cikin wuraren da tsohon ma'aunin ya fi kafuwa.

Ma'aunin Malamai

Tarihi ya danganta kafuwar makarantar Madabo ga Wangarawan da suka zo daga ƙasar Mali bisa jagorancin Shehu Abdurrahman Zaite. Littafin Tarihin Kano ya sanya zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), shi kuwa Asalin Wangarawa ya kai zuwan Zaite zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Ko ma wanne aka ɗauka, Madabo ta shahara da karantar da fiƙihun Malikiyya, musamman Muhtasar, ƙarƙashin Babban Malami. A irin wannan zaure, mutumin da ya ci nasara shi ne wanda ya yi tafiya neman ilimi, ya komo ya shimfiɗa buzu yana karantarwa.

Wannan ne ya sa da Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, sai da ya sha lallashi, gama malamai na ɗaukar ƙagaggen labari tamkar tatsuniya, abin mata da yara. Waɗanda suka yi fice a gasar galibi 'yan boko ne, amma da ma'aunin zaure suka auna taurarinsu.

Zamanin Al'ajabi

A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya bar gida domin ya wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Ya ratsa garuruwa da ƙasar aljannu, ya samo ruwan, ya warkar da ɗan sarki. Dukiya ta zo, amma a bayan mutunci ta biyo. A Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, jarumin ya yaƙi Turawa, da aka fi ƙarfinsa sai ya nufi gabas, inda ya ci nasarar da ta gagare shi a gida. Da ya komo ya tarar duniya ta sauya, ya kuma yi na'am da sabon tsarin. Ana iya cewa al'ajabi a nan magani ne ga raunin da faɗuwar daular Sakkwato a 1903 ta bari a zukata.

Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya fi kusa da ruhin Madabo. An sace Umar yana yaro, aka ƙetara hamada da shi, ya komo babban malami. Sai dai mahaifiyarsa, wadda ta faɗa cikin bauta garin nemansa, ta rasu jim kaɗan bayan sun sake haɗuwa. Ashe tun a farkon tafiya akwai marubucin da ya nuna cewa nasara ba ta zuwa kyauta.

Burin Ƙasa

Da aka sami mulkin kai a 1960, burin mutum ɗaya ya zama burin ƙasa, marubucin Shehu Umar kuma shi ne Firayim Minista. Kisansa a juyin mulkin Janairun 1966, da yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, sun girgiza wannan buri, amma ba su kashe shi nan take ba. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya kai yaro Bahaushe yawo sararin samaniya, a shekarar da Amurka ta sauke mutum a kan wata.

Sanyin Gwiwa

Kuɗin man fetur da ƙarin albashin da ya biyo bayan rahoton Udoji na 1974 sun janyo matasa birni, noma ya ja baya, har gwamnati ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976. Cikin wannan hali Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Kitsen Rogo (1978), labarin saurayin da ya bar ƙauye don samun arziki a birni, ya ɓige cikin miyagun abokai. Sunan littafin kansa hukunci ne: abu fari fat a ido, amma babu maiƙo.

Gasar da Sashen Al'adu na Tarayya ya shirya ta haifar da littattafan 1982. A Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai faɗa-a-ji shi ne attajiri ɗan fasa-ƙwauri wanda ya saye ma'aikata da cin hanci. A Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa, tauraron ya nemi ɗaukaka ta hanyar ta'addanci da zubar da jini, ya kuma hallaka.

Kammalawa

Abin lura shi ne tsarin tafiya bai sauya ba: har yanzu tauraro barin gida yake yi. Abin da ake fita nema ne ya sauya, daga ilimi da mutunci zuwa kuɗi, komowa da daraja kuma ta zama komowa da nadama, ko rashin komowa sam. Duk da haka, marubutan baya ba su yar da tsohon ma'auni ba, da shi ma suka hukunta taurarinsu. Saboda haka manazarcin da ke son fahimtar ɗacin Turmin Danya, wajibi ne ya fara sanin abin da zauren Madabo ke kira nasara.