Mutanen da Suka Buɗe Ƙofa

Karatu: Luka 10:25-37

Tarihi ya fi riƙe sunayen masu tada yaƙi fiye da na waɗanda suka ɓoye masu gudun tsira. Ya wajaba ikilisiya ta riƙa tunawa da irin waɗannan na biyu, domin a wurinsu ne muke ganin yadda ƙaunar maƙwabci take idan ranar wuya ta zo. Bari mu dubi mutum biyu, ɗaya a Turai, ɗaya a nan ƙasarmu.

A ƙarshen shekarar 1938, bayan Hitler na Jamus ya ƙwace wani yanki na ƙasar Cekoslobakiya, dubban iyalai suka gudu zuwa birnin Prag cikin tsananin sanyi, da yawansu Yahudawa. A lokacin Nicholas Winton yana da shekara 29, dillalin hannun jari ne a Landan, yana shirin tafiya hutu Suwizalan. Abokinsa Martin Blake ya kira shi Prag ya ga halin da ake ciki. Da ya ga sansanin 'yan gudun hijira, sai hankalinsa ya tsaya a kan yara.

Gwamnatin Ingila ta yarda yara su shigo ba tare da iyayensu ba, amma da sharaɗi biyu: a samu iyalin da zai riƙe kowane yaro, a kuma ajiye masa fam 50 na kuɗin komawa gida. Winton ya zauna a masaukinsa yana rubuta sunaye, iyaye suna zuwa da hotunan 'ya'yansu. Da ya koma Landan, da rana yana wurin sana'arsa, da yamma shi da mahaifiyarsa suna rubuta wasiƙu, suna neman masu riƙo da masu ba da taimako. Daga Maris zuwa Agusta 1939 aka fitar da yara 669, mafi yawansu a jirgin ƙasa. Ayari na ƙarshe, mai yara kusan 250, an shirya tashinsa ranar 1 ga Satumba. A ranar nan Jamus ta auka wa Foland, aka rufe iyakoki, jirgin bai tashi ba. Kusan dukan yaran nan sun hallaka a hannun 'yan Nazi, haka kuma yawancin iyayen waɗanda suka tsira.

Kusan shekara 50 duniya ba ta san wannan aiki ba, sai a 1988, bayan matarsa Grete ta samu tsohon kundin sunaye da hotuna a gidansu. A shekarar nan wani shirin talabijin na BBC ya gayyace shi, aka nemi duk wanda ya tsira ta hannunsa ya miƙe tsaye, sai waɗanda ke zaune kewaye da shi suka tashi, dukansu sun manyanta. Ko bayan haka yakan mai da yabo ga Doreen Warriner da Trevor Chadwick, waɗanda suka yi aikin a Prag inda haɗarin yake. Ya rasu ranar 1 ga Yuli 2015 yana da shekara 106.

Kada mu ɗauka a Turai kaɗai ake samun irin wannan hali. Ranar 23 ga Yuni 2018 'yan bindiga suka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato. Mutane, yawancinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom, suka tsere zuwa Nghar Yelwa. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara 83, ya shigar da mata da yara cikin gidansa, ya kai maza cikin masallaci. Da maharan suka zo suna neman ya fito da su, ya ƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙonsu, har ya miƙa ransa a madadin na baƙinsa. Mutum 262 suka tsira a ranar. A Yuli 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo ta 'yancin addini.

Akwai wani abu kuma da bai kamata ya wuce mu ba. Filin da aka gina masallacin nan, Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi kyauta shekaru da yawa kafin harin. Waɗanda suka ba da filin ba su san wata rana zai zama mafakar 'ya'yansu ba. Gaskiyar Bahaushe da ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Da Ubangiji Yesu ya so ya nuna wa masanin Attaura ko wane ne maƙwabci, Basamariye ya zaɓa, mutumin da Yahudawa ba sa cuɗanya da shi. Basamariyen bai tambayi asalin wanda aka yi wa rauni ba, ya yi amfani da abin da ke hannunsa: mai, ruwan inabi, dabbar hawansa da dinari biyu. Winton yana da alƙalami da takarda. Liman yana da gida da masallaci. Babu ko ɗayansu da ya jira sai ya samu iko.

Mu da ke Jega, Aliero da Maiyama ba baƙi ba ne ga kukan yara. Ba mu manta da ɗaliban da aka sace a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni 2021 ba, mun kuma san iyalan da tashin hankali ya raba da gonakinsu. Jirgin 1 ga Satumba yana yi mana gargaɗi cewa taimakon da ya makara da kwana ɗaya yana iya zama babu. In akwai ɗaki a gidanka, ko mudun gero, ko kuɗin makarantar yaro ɗaya, yau ce ranar ba da shi, ko yaron na majami'a ne ko na masallaci.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu idon ganin masu wahala, da ƙarfin zuciyar buɗe musu ƙofa ba tare da neman yabon mutane ba. Cikin sunan Yesu. Amin.